Ƙasar da mata ke mulki a cikin gem: wa ya rubuta mata doka?

Idan kana leƙa shafukan 'yan gem a TikTok, X ko YouTube, ka san rigimar nan da ba ta ƙarewa. A Disambar 2024 kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan ya nuna tallar farko ta The Witcher 4, aka ga Ciri ce za ta ja labarin a maimakon Geralt, sai intanet ta ɗauki zafi. A Oktoban 2025 Ghost of Yōtei ya fito da jaruma mace mai suna Atsu, aka sake ɗaura ɗamara. Wasu na cewa an cusa musu aƙida a cikin wasa, wasu na cewa ai dama lokaci ya yi. Kowa da hoton da yake kafa hujja da shi, kowa da baƙar maganar da ya tanada.

Amma hayaniyar nan tana rufe wani abu da ya fi ta girma. Tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu wannan musun, masu ƙirƙirar gem suke gina ƙasashe sukutum waɗanda mata ke mulkinsu. Jaruma mutum ɗaya ce, ana iya zana ta yadda aka ga dama. Ƙasa kuwa sai da doka. Dole marubuci ya faɗi wa ke gadon gida, wa ke rainon yara, wa ke jagorantar bauta, wa ke fita yaƙi, wa kuma aka hana shiga gari. A nan ne tunaninsa yake fitowa fili, ko ya so ko bai so ba. Waɗannan bayanai su ne tarihin cikin wasa, wanda ake warwatsa shi a hirar mutanen da kake haɗuwa da su, da rubutun bango, da littattafan da kake tsinta a hanya.

Kana iya cewa me ya dame ni, ni da Free Fire da eFootball kawai nake bugawa a waya, in an samu wuta da data. To, ya dame ka mana. Labaran nan sun daɗe da fita daga cikin na'ura, suna yawo a gajerun bidiyo da fina-finai. Nintendo na shirya fim ɗin The Legend of Zelda da mutane na gaske, an tsara fitowarsa a 2027. Kuma kamar yadda za ka gani a gaba, sunan wata da ka sani tun firamare ya riga ya shiga wannan kasuwa.

Drow: zaluncin da aka sauya wa zane

Mu fara da mafi shahara. Drow wani jinsi ne na almara, masu tsinin kunne, baƙar fata ko ruwan toka da farin gashi, suna zaune a can ƙarƙashin ƙasa. Asalinsu daga Dungeons & Dragons ne, wasan da ake bugawa a kan tebur da takarda da ƙwayoyi irin na ludo. Gary Gygax ya shigo da su a ƙarshen shekarun 1970, sannan marubuci R. A. Salvatore ya faɗaɗa labarinsu a littattafansa na jarumi Drizzt, musamman Homeland na 1990. Matasan yau yawanci sun san su ne ta Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a Agustan 2023, ya kuma lashe kyautar gwarzon gem na wannan shekara.

Babban birninsu sunansa Menzoberranzan. Manyan gidaje ne ke riƙe da shi, kowane gida da uwa guda a kansa wadda maganarta ita ce doka, sannan iyaye mata na gidaje takwas mafi ƙarfi su ne majalisar birni. Abin bautarsu Lolth ce, mai siffar gizo-gizo, kuma mata ne kaɗai manyan matsafanta, suna yawo da bulala mai kawunan macizai. Namiji komai gwanintarsa a takobi ko sihiri, a ƙasa yake. Ɗa namiji na uku a gida, hadaya ake yi da shi. Shi kansa Drizzt na uku ne, abin da ya cece shi kawai shi ne a daren da aka haife shi wani wansa ya kashe babban wansu, sai lissafi ya mayar da shi na biyu.

Yanzu ka gwada wani abu. Duk inda aka ce mace a bayanin nan ka sa namiji, duk inda aka ce namiji ka sa mace. Me ya rage? Mulkin danniya ne irin wanda tarihi ya cika da shi, babu ƙari babu ragi. Marubutan sun ɗauko mafi munin abin da suka sani game da iko, suka sauya masa zane. Saƙon da ke ƙasa kuwa a bayyane yake: ka ba mace iko, ramuwa za ta yi. Ka kuma lura da wanda aka ba jarumta, namiji ne da ya gudu daga hannun uwarsa da yayyensa mata.

Masu kare wannan tsari suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa yana ɗanɗana wa namiji yadda raini yake idan jinsinka ne laifinka. Gaskiya ne, wanda bai taɓa jin an ce masa yi shiru manya na magana saboda halittarsa ba, zai iya koyon wani abu. Matsalar ita ce shekara da shekaru wannan ne misalin mulkin mata da aka fi sani a duniyar gem, ga shi an haɗa shi da baƙar fata da mugunta ta gado. A Yunin 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ya fito ya ce zai sauya yadda ake nuna drow, daga baya aka ƙara wasu al'ummominsu da ba sa bin Lolth. A Baldur's Gate 3 ma Minthara, 'yar gidan Baenre, gida na ɗaya a birnin, tana nan da raina maza, amma wasan ya bar ka ka tafi da ita, ka ji abin da ya mayar da ita haka.

Gerudo: garin mata, sarautar namiji

Daga ƙarƙashin ƙasa mu fito hamada. A 1998 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da The Legend of Zelda: Ocarina of Time, a nan aka fara ganin Gerudo, ƙabilar mata zalla, mayaƙa, waɗanda sauran mutanen ƙasar Hyrule ke kira ɓarayi. Ga dokar da ta fi komai ɗaure kai: sau ɗaya a shekara 100 ake haifar musu namiji, kuma da an haife shi, shi ne sarki. Wannan namijin shi ne Ganondorf, babban mugun labarin.

Ka ji fa. Dubban mata masu horo da makami da shugabanninsu, amma jariri ɗaya ya faɗo duniya, kujera ta zama tasa. Wato ko a ƙasar da babu maza, wanda ya rubuta labarin ya ajiye wa namiji gadon sarauta, matan riƙon ƙwarya suke yi.

Akwai kuma abin da ya shafi Musulmi kai tsaye. A bugun farko na wasan, tambarin Gerudo jinjirin wata ne da tauraro, kuma kiɗan wani ɓangare mai suna Fire Temple yana ɗauke da sautin zikirin Musulmi da aka ɗauko daga wani faifan tarin sautuka. Nintendo ta cire duka biyun a bugun da suka biyo baya. Amma sauran kayan suna nan: hamada, jar fata, lanƙwasasshen takobi, ƙyallen rufe baki da ciki a waje. Wannan ita ce tsohuwar Gabas ta mafarkin masu fim, irin wadda suke zanawa idan sun tashi yin labarin Dare Dubu da Ɗaya. Wa aka ɗinka wa wannan shiga? Mayaƙiyar da za ta tari kibiya a tsakar rana dai ba za ta zaɓe ta ba.

A Breath of the Wild na 2017 an yi gyara sosai, a ba su haƙƙinsu. Gerudo sun zama gari mai kasuwa da barikin soja da fada. Shugabarsu Riju yarinya ce da ta gaji mahaifiyarta, tana fama da tsoron kada ta kasa. Ana tuna Urbosa a matsayin gwarzuwa kuma uwa ga Zelda. Suna da harshensu, namiji voe, mace vai, kuma voe ba ya shiga gari. Sai dai ka duba yadda wasan ya yi amfani da wannan doka: ya mayar da ita abin dariya. Jarumi Link yana biyan kuɗin wasan 600 ya sayi kayan mata, ya yi ɓad-da-kama, ya wuce masu gadi. A cikin garin kuma akwai aji guda da ake koya wa 'yan mata yadda za su yi hira da namiji idan sun fita neman miji.

Wurin da labarin ya yi nauyi na gaske yana cikin Tears of the Kingdom na 2023. Akwai wata yarinya, Mattison, uwarta Bageruda ce, ubanta Hudson magini ne daga wata ƙabila. Doka ta ce idan ta kai wasu shekaru sai ta koma garin Gerudo ta tashi a can, inda uban ba zai iya bin ta ba. Kai kake taya su shirin rabuwa. A ɗan wannan labarin ne aka nuna cewa doka tana da farashi, kuma akwai wanda yake biya. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗauki yaro riƙo ana kuka a ƙofar gida, zai gane wannan ba tare da an fassara masa ba.

Irin wannan ruɗanin yana wajen Asari na Mass Effect, wanda BioWare na Kanada ya fara fitarwa a 2007. Can sararin samaniya ne, amma zancen ɗaya ne. Jinsi guda ne da su, duk siffar mata, suna kai shekara 1,000, su ne gwanayen sulhu da siyasa, dattijansu mata ake jin maganarsu. Amma ka shiga gidan rawa a wasan ka ga su wa aka ɗora a kan dandamali. An ba su hikimar shekara dubu, an kuma tabbatar ɗan wasa ya samu abin kallo.

Inda aka zauna aka yi tunani

Kada ka ɗauka duk haka suke. A 2017 kamfanin Guerrilla Games na Amsterdam a Holan ya fitar da Horizon Zero Dawn, labarin duniya bayan wayewarmu ta rushe, mutane sun koma ƙabilu suna farautar dabbobin ƙarfe. Ƙabilar Nora mata ke shugabanta, amma wace mace? Ƙarfi ko dukiya ba sa ba ki kujera. Sai kin ga jika kike shiga sahun iyayen ƙabila, sai kin ga tattaɓa-kunne kike zama babbar uwa. A wasan su uku ne: Teersa, Jezza da Lansra. Maza da mata duk suna farauta, duk suna yaƙi, babu mai bulalar wani.

Ka ga nan an fara da tambaya mai kyau: idan al'umma ta ɗauki haihuwa a matsayin tushen daraja, ina za ta kai ta? Amsar da wasan ya bayar tana da ɗaci. Jarumar, Aloy, an tsince ta ne tana jaririya a cikin dutsen da suke bauta wa, ba a san uwarta ba. A ƙabilar da uwa ce komai, marar uwa ba kowa ba ce. Aka ware ta tun tana zanin goyo, aka haramta wa kowa yi mata magana, wani korarre mai suna Rost ya raine ta. Teersa na tausaya mata, Lansra na ganin annoba ce. Tsarin yana da taushi, yana kuma da nasa zaluncin, kuma zaluncin daga cikin aƙidarsa ya tsiro, ba a aro shi daga wani wuri ba. Ke da kike karanta wannan, ki tambayi kanki: a irin wannan ƙasa da ake kira ta mata, ina matsayin wadda Allah bai ba haihuwa ba?

Dragon Age, wanda BioWare ya fara a 2009, ya bi ta wata hanyar. Sarakunan ƙasashe maza ne da mata, amma addinin ƙirƙira na cikin wasan, Chantry, mata ne kaɗai ke jagorantarsa a ƙasashen kudu. Dalilin yana cikin tarihinsu: wadda ta kafa tafarkin, Andraste, mijinta Maferath ne ya ci amanarta ya miƙa ta ga maƙiya suka ƙone ta. Daga nan aka ce maza ba abin ba amana ba ne a wannan fage. Suna iya zama dakaru ko ma'aikata, amma babbar kujera ta mace ce. Daular Tevinter ta ƙi yarda, ta naɗa nata shugaban namiji, aka rabu. Wannan ya yi kama da yadda mutane suke a zahiri: abu ɗaya ya faru, a gina doka a kansa, a shekara ɗaruruwa ana musu.

A duniyar gaske fa?

Tunanin ƙasar mata ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Girkawan dā suna da labarin Amazon, mata mayaƙa, kuma kusan kullum labarin yana ƙarewa ne da wani gwarzo namiji, Herakles ko Theseus ko Achilles, ya ci su da yaƙi. A 1861 wani masani ɗan Suwizalan, Bachofen, ya wallafa littafi yana cewa 'yan Adam duk sun fara ne da mulkin uwa kafin su koma na uba. Masana halayyar al'umma na baya sun yi watsi da wannan, amma marubutan almara sun riƙe shi gam.

Abin da ake samu a zahiri shi ne al'ummomin da ake bin dangantaka da gado ta wajen uwa. Mafi girmansu su ne Minangkabau na yammacin tsibirin Sumatra a Indonesiya, kuma Musulmi ne masu riƙo da addini. Babban gidan zuri'a da gonakin kakanni suna bin layin mata, miji ne ke tarewa a gidan dangin matarsa, kawu ɗan'uwan uwa yana da babbar murya a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa. Sarautar gargajiya da limanci kuwa maza ke riƙewa. Sun ma raba dukiya gida biyu: ta kakanni tana bin al'ada, wadda mutum ya nema da guminsa ana raba ta bisa gadon Musulunci.

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi sun san na Asante. Sarki namiji ne, Asantehene, amma uwar sarauta, Asantehemaa, ita ke gabatar da wanda zai hau, kuma tana da fadarta. A 1900 Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ita ta jagoranci yaƙi da Turawan Ingila. A wajen Khasi na arewa maso gabashin Indiya, 'yar auta ce ke gadon gida. A wajen Buzaye, tanti na mace ne, namiji ne kuma ke rufe fuska.

Ka ga ko ɗaya a cikinsu da ya yi kama da Menzoberranzan? Babu. Iko a waɗannan wurare a rabe yake: wannan na riƙe da ƙasa, wancan na riƙe da sanda, wata ke naɗawa, wani ke zartarwa. To me ya sa gem ba ya son irin wannan? Dalili na farko yana cikin yadda ake buga shi. Yawancin manyan wasanni a kan faɗa aka gina su, maɓallan hannunka na sara ne da harbi da tsalle. A irin wannan duniya mai iko shi ne mai duka, saboda haka idan aka ce mata ke mulki, hanya mafi sauƙi ita ce a miƙa musu bulala. Ikon da ke cikin rabon gona, sulhunta dangi ko zaɓen magaji yana da wuyar mayarwa maɓalli. Dalili na biyu kasuwa ce. Shekaru da yawa samari aka ɗauka su ne masu saye, aka riƙa zana ƙasar mata yadda za ta ba saurayi tsoro ko ta ba shi sha'awa.

Amina ta shiga gem

Ga inda zancen ya iso ƙofar gida. A Agustan 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa a cikin Age of Empires III, a wani ƙari mai suna The African Royals. Birnin Hausawa a wasan Kano ne, shugabarsu kuma Sarauniya Amina. A Fabrairun 2025 Civilization VII na kamfanin Firaxis ya fito da Amina ta Zazzau cikin shugabannin da za ka iya zaɓa, an ba ta fifiko a harkar kayan kasuwa da yaƙi a fili da hamada. A wannan wasan an raba shugaba da ƙasa, don haka kana iya ganin Amina tana jan Aksum ko Songhai, ko ma Rum.

Waɗannan wasannin tarihi ne da dabarun mulki, amma 'yan wasan ɗaya ne da masu buga Zelda da Baldur's Gate. Abin alfahari ne yaro a Brazil ko Koriya ya san sunan Zazzau. Sai dai da wane ido zai kalle ta? Wanda ya taso da Gerudo, da ya ga mace da takobi a bakin hamada, ya riga ya san akwatin da zai saka ta. Alhali Zazzau ba ƙasar mata zalla ba ce. Amina mace ce da ta yi fice a cikin tsarin da maza suka fi yawa a gadon sarauta, ta jagoranci rundunar maza, ana danganta mata ganuwar garuruwa da dama. Wannan labarin ya fi na Gerudo wuyar faɗa, ya kuma fi shi daɗi.

Ka kuma tuna labarin Daura. Jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru har zuwa Daurama, sai baƙo Bayajida ya zo ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, daga nan sarauta ta koma hannun maza. Ka lura siffar labarin ta yi kama da ta Amazon: ana ambaton mulkin mata ne a daidai lokacin da zai ƙare. Yadda sarauniyoyin suka yi shari'a, yadda suka raba ruwa da gona, yadda suka zaɓi magajiya, duk labarin ya bar su a buɗe. Ga kuma sarautun mata da aka sani a tarihi: Magajiya da Iya a fadojin Hausa, Inna a Gobir, Magira a Borno, Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Ga Nana Asma'u da jajis ɗinta na 'Yan Taru, waɗanda suka kai karatu ƙauyuka ba tare da takobi ba. Kowacce a cikinsu wani nau'in iko ne daban, kuma mai ƙirƙirar gem da ke neman sabon abu zai yi murna da ko ɗaya.

Wa zai rubuta? A Yawunde ta Kamaru wasu matasa sun kafa Kiro'o Games, suka fitar da Aurion a 2016, gem na almara da aka gina a kan al'adun Afirka, miji da mata, Enzo da Erine, suna fafutukar ƙwato sarautarsu tare. Manhajar Godot ta haɗa gem kyauta ce. Kafin ma a kai ga kwamfuta, tarihin cikin wasa rubutu ne, kuma duk wanda ya ga yadda 'yan mata ke rubuta littafi babi-babi a WhatsApp da Wattpad dubbai na bi, ya san ba marubuta muka rasa ba.

Kafin ka shiga musu na gaba

Nan gaba idan aka turo maka bidiyon wata ƙasar mata a gem, wani na ihun an lalata wasa, wata na tafin an ƙwato 'yanci, ka ɗan dakata kafin ka zaɓi ɓangare. Ka tambaya: a wannan ƙasar wa ke gado, kuma me ya sa? Wa ke da ikon cewa a'a ba a taɓa shi ba? Wa dokar ta bari a waje, irin su Aloy da mahaifin Mattison? Idan aka sauya jinsin kowa, labarin zai canza, ko zane kawai aka sauya? Sannan kayan da aka sa musu, don aikinsu aka ɗinka ko don idonka?

Da waɗannan tambayoyin za ka ga wasu wasannin da ake yabo da ci gaba tsohon tunani ne a sabon kwali, wasu kuma da ake zagi sun yi aikin da ya kamata. Kai ɗan'uwa, ganin mata a kan karaga a cikin wasa bai rage maka komai ba, kuma ba kowane irin labarin ne yake zaginka ba. Ke kuma 'yar'uwa, a ba ki kambi da bulala a allo ba shi ke nuna an girmama ki ba, sai kin duba wa ya riƙe alƙalamin.

Fim ɗin Zelda na tafe. Idan Gerudo suka fito a cikinsa, miliyoyin da ba su taɓa riƙe abin buga gem ba za su gan su a karon farko, har da ƙannenka da za su kalla a wayarka. Ka zauna kusa da su. Idan aka zo wajen dokar namiji ɗaya a shekara 100, ka tsayar da bidiyon ka tambaye su ko sun ga abin da ka gani.